Allon guguwa a bangon ajinmu na Nima

Ina koyar da ilimin zamantakewa a wata ƙaramar sakandare da ke Nima, nan birnin Akra. A 2024 ni da ɗalibaina muka kafa allo a bangon aji, muka bi kakar mahaukaciyar guguwa ta tekun Atilantika tun daga 1 ga Yuni har 30 ga Nuwamba, muna jera ta da manyan guguwoyin da tarihi ya riƙe. Abu biyu suka kai ni ga wannan aiki. Da wuya ka shiga gida a zango ba ka tarar da wanda ke da ɗa ko miji a Amurka ba, kuma da zarar rediyo ta ce guguwa ta tunkari ƙasar, sai hankalin iyaye mata ya tashi gaba ɗaya, domin a wurinsu Texas da New York duk unguwa ɗaya ce. Sannan darasin layukan taswira ya daɗe yana ba yarana wuya, sun haddace shi amma ba su san amfaninsa ba.

Kafintan layinmu ya yanko mana falanki mai faɗi, muka shafe shi da farin fenti, muka ja layuka a tsaye da a kwance, tsakanin kowane biyu digiri biyar. Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami tana da taswirar da kowa zai iya saukewa ya buga, ita muka kwaikwaya gida-gida da fensir. Amma mun faɗaɗa tamu ta gabas har tafkin Chadi, domin ina son yaran su ga garinsu a jikin allon. Layin sifiri bai yi mana wuyar bayani ba, tunda ta garin Tema da ke kusa da mu ya ratsa. Na ce musu duk lambar da za mu karanta ta yamma, daga Tema ake fara ƙirga ta. Dakar tana wajen digiri 17 yamma, Miami wajen 80, Galveston wajen 95. Fil mai kan roba kala-kala da zare muka sayo wurin masu kayan ɗinki a kasuwar Nima.

Ran da aka rataye allon wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu ma ai bakin teku muke. Me ya hana ta zuwa mana?" Tambayar ta cinye mana darasi guda, kuma ta cancanta. Guguwar tana buƙatar ruwan teku mai ɗumi, wajen digiri 26 da rabi a ma'aunin Salsiyas, domin tururin ruwan shi ne abincinta. Tana kuma buƙatar juyawar duniya ta murɗa iskar ta mai da ita da'ira, wannan murɗawa kuwa ba ta da ƙarfi kusa da ikwaita, shi ya sa da wuya guguwa ta haɗu a ƙasa da digiri biyar. Akra tana kan digiri biyar da ɗoriya ne kawai. Tekunmu kuma daga Yuli zuwa Satumba sanyi yake yi, ruwan ƙasa ke tasowa sama, lokacin da masuntan Chorkor da Jamestown ke cika kwalekwale da kifin amane. Ga shi iskar da ke kora guguwar daga gabas take busawa zuwa yamma, wato baya take ba mu.

Amma asalin da yawansu namu ne. Hadarin nan da ke tasowa daga gabas da damina, ya bi ta Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali, a kan wata igiyar iska yake tafiya, wadda ke ratsa yankinmu duk bayan kwana uku zuwa biyar. Idan ta fita teku ta wajen Sanagal ko Gini ta tarar da ruwa mai ɗumi, ba ƙurar Sahara da za ta shaƙe ta, ba iskar sama da za ta sare mata kai, sai ta fara juyawa a kudu da tsibiran Cape Verde. Mafi yawan manyan guguwoyin Atilantika haka aka haife su. Andrew da ta ragargaza kudancin Florida a 1992, ran 14 ga Agusta ta bar gaɓar Afirka tana hadari kamar kowane, kwana goma bayan haka ta isa Homestead.

Aikin yau da kullum ba shi da wuya idan an saba. Duk lokacin da akwai guguwa a teku, cibiyar Miami tana fitar da sanarwa kowane awa shida, kuma sa'ar da muka yi ita ce agogon Ghana daidai yake da agogon duniya da suke rubutawa: uku na dare, tara na safe, uku na yamma, tara na dare. Ta safe muke karantawa tare a aji daga wayata. Yaro ɗaya ya karanto lambar arewa da ta yamma, wani ya nemo mahaɗarsu a allo ya soka fil, wani ya ninka gudun iskar da 1.6 don mil ya koma kilomita. Sauran sanarwar nakan rubuta a takarda bayan isha'i, washegari su cike giɓin. Launin fil yana bin ƙarfin iska. Daga kilomita 63 a awa ake raɗa mata suna, fil kore. Daga 119 ta zama mahaukaciya, fil rawaya. Daga 178 ta shiga mataki na uku a ma'aunin Saffir da Simpson, fil ja. Mataki na biyar, daga 252, baƙin fil muka ware masa, na kuma ce musu mai yiwuwa ba za mu taɓa shi ba sai Satumba, tunda wajen 10 ga Satumba ne kakar ke kai ƙololuwa.

Beryl ba ta jira Satumba ba. A ƙarshen Yuni ta haɗu can tsakiyar teku, ran 1 ga Yuli ta daidaita tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada tana mataki na huɗu, kafin gari ya waye ta hau na biyar. Tun da aka fara ajiye lissafin guguwar Atilantika, wanda ya koma har 1851, ba a taɓa ganin mai mataki na biyar da wuri haka ba. Ruwan tekun ne ya yi zafin da bai saba yi ba a wannan wata.

A cikin makon ne wani dattijo maƙwabcin makaranta, wanda ɗansa ke aiki a Houston, ya shigo da sandarsa bayan an tashi. Jikarsa ce ta ba shi labarin allon. Ya ce, "Malam, an ce mini abin nan ya nufi wajen ɗan'uwanka. Nuna mini da idona." Na ce, "Baba, bismillah, zauna tukuna." Na nuna masa Houston, na nuna masa fil na ƙarshe, sannan na buɗe masa hoton hasashen a waya, wannan farin zane mai tsukakken baki da ke buɗewa gaba. Ya ɗauka faɗin guguwar ke nan, yana ƙaruwa kullum. Na yi masa bayani cewa zanen yana nuna inda tsakiyar guguwar za ta iya bi ne kawai, yana buɗewa saboda hasashen kwana biyar bai kai na gobe tabbas ba, kuma ko masu yin sa sun ce kusan sau ɗaya cikin uku tsakiyar kan fita daga cikinsa. Ruwa da iska kuwa suna kai wa nesa da zanen. Ya ce, "To me zan ce masa?" Na ce ya ce masa ya bi umarnin hukumar garinsu, ya tanadi ruwan sha, ya cika wayarsa da caji. Ran 8 ga Yuli Beryl ta sauka kusa da Matagorda tana mataki na ɗaya kacal, amma ta raba gidaje da shaguna sama da miliyan biyu da wuta a tsakiyar zafi, zafin kuma ya kashe mutane bayan iskar ta wuce. Ɗan dattijon ya tsira, sai dai ya yi kwanaki a duhu.

Ɓangaren tarihi shi ne inda na fi zuba ƙarfina. Na raba yaran biyu-biyu, kowane biyu da guguwarsu, su ja hanyarta da zare, su rubuta shekara da wuri da matakin iska a ɗan kati. Na ƙara abu ɗaya: a ƙarƙashin kowane kati za a rataya tsiri na baƙin ƙyalle, santimita ɗaya a madadin mutum ɗari da suka mutu. Wata tela uwar ɗalibata ce ta yanka mana tsirayen, ba ta karɓi ko pesewa ba.

Ranar da aka rataye su ajin ya yi tsit. Andrew, baƙin fil, mataki na biyar, ta yi ɓarnar wajen dala biliyan 27, amma mutum 65 ta kashe, ƙyallenta bai kai faɗin farce ba. Kusa da ita Jeanne ta 2004, wadda lokacin da ta wuce ta arewacin Haiti ko matakin mahaukaciya ba ta riƙe ba, filinta kore, ƙyallenta santimita 30. Ruwa ne ya gangaro daga duwatsun da aka sare wa itatuwa ya binne garin Gonaïves, ya kashe sama da mutum 3,000. Mitch ta 1998 ta kai mataki na biyar a teku, amma sai da ta raunana ta tsaya tana zuba ruwa a kan Honduras da Nikaragua sannan ta yi kisan, sama da 11,000, wajen 2,000 daga ciki a zaftarewar dutsen Casita kaɗai. Ƙyallenta ya wuce mita guda.

Na 1780 ya sauka har ƙasa ya kwanta a siminti, mita biyu da santimita 20. A watan Oktoba na shekarar, guguwar ta bi ta Barbados da Martinique da Sint Eustatius ta kashe mutum wajen 22,000, har yau babu wadda ta kai ta kisa a Atilantika. Na tsaya a kanta fiye da yadda manhaja ta tanada, domin mafi yawan mazauna Barbados a lokacin bayi ne baƙaƙe, da yawansu ta kurkukun Cape Coast da Anomabo aka fitar da su ko iyayensu. Iskar gabas da ta cika filafilan jiragen da suka kwashe su, ita ce dai ke koro guguwa zuwa tsibiran da aka kai su. Yaran sun je Cape Coast yawon makaranta, sun shiga ɗakunan nan masu duhu, don haka ban sha wahalar bayani ba.

Galveston ta 1900 ita na yi amfani da ita wajen nuna musu tumbatsar teku. Na kawo daro da ruwa, na sa yaro ya tura ruwan da tafin hannu zuwa gefe guda har ya haura baki. Haka iska ke tara teku a gabanta ta tura shi kan tudu. Garin a kan tsibiri yake, wurin da ya fi tudu a cikinsa bai kai mita uku ba, ruwan da ya hau ran 8 ga Satumba ya wuce mita huɗu da rabi. Mutum wajen 8,000 suka mutu a garin da bai kai mutum 40,000 ba. Masana yanayi na Havana, waɗanda suka gaji aikin limamin cocin nan Benito Viñes da ya fara hasashen guguwa tun shekarun 1870, sun ga alamar ta nufi cikin mashigin Meziko, amma hukumar yanayin Amurka ta lokacin ta raina su, ta ɗauka za ta karkata ta Florida. A wancan zamani ba jirgin sama mai shiga cikin guguwa, sai a 1943 aka fara, tauraron ɗan adam na yanayi kuwa sai 1960. Bayan bala'in mutanen Galveston sun gina katanga mai tsayin mita biyar a bakin teku, suka ɗaga gidajensu suka cike ƙarƙashinsu da yashi.

Wajen yanka ƙyallen Maria muka yi gardama mai amfani. Ta faɗa wa Puerto Rico ran 20 ga Satumban 2017, gwamnati ta ce mutum 64 suka mutu, ta tsaya a kan haka kusan shekara guda. Sai a Agustan 2018, bayan binciken Jami'ar George Washington, ta amince da 2,975, aka haɗa da waɗanda suka mutu a watannin baya saboda ba wuta, ba magani, ba hanyar zuwa asibiti. Yaran da ke da katin suka ce, "Malam, wanne za mu yanka?" Wasu suka ce wanda iska ba ta taɓa ba ai ba guguwa ce ta kashe shi ba. Wata yarinya da kakarta ke fama da ciwon suga ta ce idan firij ya mutu maganin ya lalace, wa ya kashe ta? Muka rataya duka biyun gefe da gefe. Ra'ayina shi ne na biyun ne gaskiya, kuma na faɗa musu haka. Ita ma Katrina ta 2005 an daɗe ana cewa 1,833, sai a 2023 cibiyar Miami ta sake lissafi ta mai da shi 1,392. Tana mataki na uku ta sauka, shingayen ruwan New Orleans ne suka fashe, kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse, kuma waɗanda suka rage a ciki akasari tsofaffi ne da talakawan da ba su da motar fita. Haka a 1928, guguwar da ta taso daga kusa da Dakar ta tunkuɗo tafkin Okeechobee a kan 'yan ƙwadagon gona, ta kashe aƙalla 2,500 a Florida, aka zuba baƙaƙe 674 a rami ɗaya a West Palm Beach, ramin ya yi shekaru da dama ko alama ba a sa masa ba.

Abin da nake so ya zauna a kan yaran ke nan, kuma ƙyallayen sun faɗe shi fiye da bakina. Labarai matakin iska suke kururutawa, alhali binciken da aka yi kan mace-macen guguwa a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin goma ruwa ne ya ci su. Wanda ya mutu kuma yawanci shi ne wanda gargaɗi bai isa kunnensa ba, ko ya isa amma ba shi da inda zai nufa. Wani yaro ya tambaya ko akwai wadda ta fi ta 1780 a duniya. Na ce akwai, a wani tekun: ta Bhola a 1970, a ƙasar da yanzu ake kira Bangladesh, aƙalla mutum 300,000. Muka fita fili da igiya muka auna mita 30. Na kuma gaya musu ƙasar nan ba ta yi arziki ba kafin ta rage kisan. Gine-ginen fakewa masu tsayi ta yi, ta horar da dubban 'yan sa-kai masu yawo da lasifika, ana shela har ta lasifikar masallatai. Ta 1991 ta kashe wajen 138,000, Sidr ta 2007 ba ta kai 5,000 ba.

Batun sunaye mun wuce shi da sauri. Tun 1953 ake sa sunayen mata, aka haɗa da na maza a 1979, jeri shida ne ke zagayawa, kowanne da suna 21, wadda ta yi mummunar ɓarna kuma hukumar yanayi ta duniya takan cire sunanta har abada. Sau biyu jerin ya ƙare aka koma haruffan Girka, a 2005 da 2020, shekarar da aka raɗa wa guguwa 30 suna. Yaran sun yi murna da suka ga Nana da Omar a jerin 2020.

Daga wajen 20 ga Agusta har zuwa 9 ga Satumba allon ya zauna ba sabon fil, a lokacin da ya kamata ya fi cika. Ɗaya daga dalilan da masana suka bayar shi ne igiyoyin iskar sun haura arewa fiye da al'ada, suna fita teku ta inda ruwa ke da sanyi, iska kuma busasshiya, sai su mutu. Ruwan da suka ɗauko a kanmu ya sauka. A farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram ya rushe, ran 10 ga wata madatsar Alau ta ɓalle Maiduguri ta nutse. A arewacin Ghana kuwa fari aka yi a tsakiyar damina, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya. Muna da yara 'yan asalin Nijar da Borno a ajin, suka roƙa a soka fil a garuruwansu. Ba guguwar teku ba ce, amma na yarda, muka sa shuɗi.

Sannan Helene ta zo, ta sauka a Florida ran 26 ga Satumba tana mataki na huɗu, ta kashe sama da mutum 200, da yawa daga cikinsu a duwatsun North Carolina wajen Asheville, ɗaruruwan kilomita daga teku, inda mutane ba su taɓa sa kansu cikin masu tsoron guguwa ba. Muna cikin yanka ƙyallenta wani yaro ya ce, "Malam, ai kamar 3 ga Yuni ne." Suna ƙanana a 2015, amma ba gidan da ba a ba da labarin daren nan a Nima. Babu mahaukaciyar iska a ranar, ruwan sama ne kawai da magudanan da suka toshe, kogin Odaw ya cika ya batse, fetur ya bi kan ruwa a gidan man da jama'a suka fake a shataletalen Circle, wuta ta kama, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Na nuna musu katin Harvey ta 2017, inda aka auna milimita 1,539 na ruwa a Nederland ta Texas cikin 'yan kwanaki, kusan ninki biyu na abin da Akra ke samu a shekara, na ce su yi tunanin babban gatan Nima, wato magudanar ruwanmu, a ƙarƙashin ko rubu'in wannan.

Ran 30 ga Nuwamba Asabar ce, don haka ranar Litinin muka ƙirga: guguwa 18 masu suna, daga Alberto zuwa Sara, 11 sun kai matakin mahaukaciya, biyar sun kai mataki na uku ko sama. Muka cire filolin shekarar, muka bar zaren Beryl da Helene da Milton, wadda ta faɗa wa Florida a Oktoba, a cikin na tarihi. A Afrilun 2025 hukumar yanayi ta duniya ta cire waɗannan sunaye uku, Brianna da Holly da Miguel za su maye gurbinsu idan jerin ya dawo a 2030.

Shugaban makaranta ya ba mu izinin allo na biyu, wannan karon taswirar Nima da Mamobi ce, da gatan a tsakiya. Kowane yaro yana tambayar manyan gidansu inda ruwa ya kai a jikin bango a ambaliyar da ta fi muni da suke tunawa, ya auna da tef, ya kawo lambar, mu soka fil. Muna kuma sa alama a kan masallatai da makarantu masu bene da ke kusa da kowane layi, mun fara zuwa wurin limamai muna tambaya wa ke riƙe da mabuɗin sama da dare.